Filin Shawara Tare da Goggo: Ɗan Dukushi Ya Zo da Karkatattun Ƙafafu

Cikin 'yan makonnin nan wasiƙu huɗu suka iso mini a kan magana ɗaya: goɗiya ta haihu, gida ya cika da barka, da aka duba ƙafafun ɗan dukushi sai murna ta koma ciki. Biyu daga cikin wasiƙun ba irin waɗanda ake ajiyewa sai ranar fitowar jarida ba ne, don haka na amsa su ta waya ranar da suka zo. Na kawo su nan ne saboda wanda irin wannan za ta same shi gobe. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

WASIƘA TA FARKO

Goggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni saurayi ne ɗan shekara 24 daga ƙasar Gumel. Mahaifinmu ya rasu bara, cikin abin da ya bari akwai goɗiya, ita ce ta faɗo a rabona. Kwana shida ke nan da ta haifi dukushi namiji. Yana tsayuwa, yana shan nono, har da 'yan tsalle-tsalle, sai dai ƙafafunsa na gaba gwame ne: gwiwoyin suna neman haɗuwa, kofatan sun buɗe waje, ta hagu ta fi ta dama. Baffana, ƙanin mahaifina, ya ce a kira mai ɗori ya miƙar da su ya ɗaure da kara tun ƙashin yana ɗanye, in abin ya ƙi a yi masa lalas. Wani kuma ya ce in rabu da uwar, wai jininta ne. Ni burina wata rana in hau dokin nan ranar hawan sallah, a ce ga jinin dawakin Baba. Ba na son in saɓa wa Baffa, ba na kuma son in cuci dabba. Yaya zan yi?

AMSA

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka cikin abin da ya bar muku. Ka kwantar da hankalinka. Dukushin da yake tashi da kansa, yake kama nono, yake tsalle, ya riga ya tsallake mafi wuyar siraɗi. Abin da ka kwatanta mini kuwa shi ne mafi yawan karkatar da ake gani a ƙafar sabon dukushi, kuma shi ne mafi saurin gyaruwa.

Ka tuna inda ya fito. Ya yi kusan kwana 340 a naɗe cikin uwarsa. Ranar da aka haife shi tsayinsa ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na tsayin da zai yi in ya girma, amma nauyinsa bai wuce kashi 10 ba. Dogayen ƙafafu ne a ƙarƙashin ɗan siririn ƙirji. Shi ya sa yawancin dukusai suke zuwa da ɗan gwame, kofatansu suna kallon waje. Da ƙirji ya fara buɗewa sai ya tura kafaɗu, ƙafafun su riƙa miƙewa da kansu. Wanda ma aka haifa ƙafafunsa a miƙe sambal, shi ne wani lokaci yake komawa ƙafar baka in ya yi ƙirji.

Sai dai gwame iri uku ne, kuma wajibi ne ka san wanne ne a gidanka. Akwai na sakin jijiyoyi, inda jijiyoyin da ke riƙe gwiwa ba su gama ƙwari ba. Wannan yakan gyaru cikin mako biyu zuwa huɗu. Akwai na ƙananan ƙasusuwan da ke cikin gwiwa, waɗanda ba su gama zama ƙashi ba, suna nan guringuntsi. An fi ganin wannan ga dukushin da bai cika kwanakinsa ba, wanda ya zo kafin kwana 320, ko tagwaye. Za ka gan shi ɗan ƙarami, gashinsa mai santsi kamar siliki, kunnuwansa a lanƙwashe, goshinsa a tashe. Irin wannan in aka bar shi yana gudu, guringuntsin yakan murƙushe ya daskare a karkace, kuma shi ke nan har abada. Na uku shi ne wanda gefe ɗaya na ƙashin ya fi ɗaya gefen saurin girma, sai ƙafar ta riƙa karkata kullum kaɗan-kaɗan.

A barga na tashi, mahaifina shi ke kula da dawakin gidan. Ina iya tuna shi da sassafe, kafin rana ta ɗaga, ya sa an riƙe goɗiya a kan dandaɓaɓɓiyar ƙasa, ɗanta a gefenta. Sai ya ja da baya kamar taku biyar ya tsuguna, ya yi shiru yana kallo. Daga nan ya ɗauko zare da ya ɗaura wa ɗan dutse a ƙarshe, ya kafa shi a tsinin kafaɗar dukushin ya sake shi. In ƙafa a miƙe take, zaren zai raba gwiwa biyu, ya raba ƙwauri, ya sauka a tsakiyar kofato. Bayan haka sai ya sa tafin hannu ɗaya a cikin gwiwar, ɗaya hannun a wajen gaɓar da ke saman kofato, ya tura a hankali, turawar da ba za ta fasa ƙwai ba. In ƙafar ta miƙe a hannunsa, da ya saki ta koma, sai ya ce, "Taushi ne." In ta ƙi, sai ya ce, "Wannan ƙashi ne, a fara ƙirga kwana." Da na girma na yi aiki da likitocin dabbobi, na tarar gwajin da suke fara yi ke nan kafin su kai ga hoton ƙashi.

Ƙirga kwanan nan shi ne jigon magana. A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wurin da yake yin girma, kuma kowane wuri da lokacin da yake rufewa. Gaɓar saman kofato, wadda za mu kira idon sawu, ita ce mai gajeren wa'adi: gyaranta yana cikin wata biyu na farko, in aka kai wata uku an makara. Gwiwar baya tana ba da kusan wata huɗu. Gwiwar gaba, inda taka matsalar take, ita ce mai dogon numfashi, tana kaiwa wata shida. Ka ga kana da lokaci, amma lokacin ƙidayayye ne.

Ga abin da za ka yi daga yau. Ka killace uwar da ɗan a ɗan fili kamar mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, mai inuwa, ƙasa mai yashi-yashi, ban da siminti mai santsi. Kada ka hau uwar zuwa kasuwa ko gona yana binta a baya; doguwar tafiya a kan karkatacciyar ƙafa ita ke danne gefen da ya riga ya gaza. Kada ka ɗaure shi a turke, kada ka sa masa dabaibayi. Kowace Juma'a ka tsayar da shi a wuri ɗaya, ka tsuguna a gabansa ka ɗauki hoto da wayarka. Idon da ke ganin dabba kullum ba ya gane canji, amma hoto uku a jere ba sa ɓoye komai.

In ya kai mako biyu, a nemo wanda ya iya gyaran kofato. Mai gwame yana cinye cikin kofatonsa, wajen ya yi tsawo, sai tsawon ya ƙara karkatar da shi. Sai a goge bangon waje da magagari, kaɗan ƙwarai, kamar kaurin ƙwayar gero biyu, a maimaita bayan mako biyu. Mai ƙafar baka kuwa bangon ciki ake goge masa. A guji zurfafawa, kada garin neman gira a rasa ido.

Idan mako uku zuwa huɗu suka wuce hotuna ba su nuna sauƙi ba, ko ta hagun nan ta ƙaru, ko ka ga alamun rashin cika kwana da na lissafa, to kada ka jira: ka nemi likitan dabbobi, ka tura masa hotunan ta WhatsApp tun kafin ya zo. Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, nan ne ake komawa in abu ya kai ga hoton ƙashi. Likita na iya manna wa kofato ɗan ƙari a gefe don ya daidaita taku. Akwai kuma aikin da ake sa ƙusa ta musamman a gefen ƙashin da ya fi saurin girma, ta riƙe shi har ɗaya gefen ya kamo, sannan a cire. Wannan aikin ba ya yiwuwa sai ƙashi yana kan girma.

Sai maganar Baffa. Ya yi gaskiya a abu ɗaya, kuma ka fara da gaya masa haka: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda na rabu da shi, wannan ba karaya ba ce, babu abin da ya rabu balle a haɗa. Na taɓa ganin dukushin da aka ɗaure wa kara da tsumma kwana uku. Ranar da aka kwance, fatar ta biyo tsumman, wari ya cika bargar, ƙudaje suka yi masa caa. Ƙafar tana nan a karkace, ta ƙara rauni, ga gyambon da aka yi wata biyu ana jinya. Fatar dukushi siririya ce, ba ta jure matsi ko na yini ɗaya. Lalas kuma fata yake ƙonawa, ba ya isa ƙashi, sai dai ya buɗe wa cutar tetanas ƙofa, cutar da ke sarƙe haƙora, wadda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da ita.

Ka same shi bayan magariba, shi kaɗai, da ɗan goronka. Ka ce, "Baffa, ku ne a madadin Baba. Ina roƙon ku ba ni mako uku mu gwada killacewa, in bai yi ba mu tafi wurin likita tare." Ka roƙe shi shi ya zaɓo mai gyaran kofaton, ka riƙa kai masa hotunan kowace Juma'a. Dattijon da aka sa shi cikin shawara ba ya jin an raina shi.

Uwar kuwa kada ka sayar. Siffar ƙafa tana bin jini, haka ne, amma daga ɓangare biyu take zuwa, kuma ba a yanke wa goɗiya hukunci da ɗan kwana shida. Ka tambayi yadda 'ya'yanta na baya suka tashi, ka je ka kalli ƙafafun ingarman da ya hau ta. Hawan sallah kuma yana nan yana jiranka. Ko mai miƙaƙƙun ƙafafu ba a ɗora masa sirdi da kayan ado sai ya haura shekara uku.

WASIƘA TA BIYU

Goggo, barka da aiki. Ni mace ce daga wani ƙauye kusa da Tasawa a jihar Maraɗi, maigidana ya rasu, goɗiya ɗaya ce dukiyar marayuna. Shekaranjiya ta haifi mace. Ƙafafunta na baya sun saki, idon sawun yana kusan taɓa ƙasa, a kan dunduniya take takawa, bakin kofaton yana kallon sama. Maƙwabta sun ce in naɗe ƙafafun da tsumma tamau. Babban ɗana ya daina cin abinci, wai shi ya jawo, don yana hawan uwar zuwa kasuwa tana da ciki. Harawa ta yi tsada bana, dusa na fi ba ta. Ko mu ne muka yi laifi?

AMSA

Ƙanwata, Allah ya raya marayu, ya ba ki ladan riƙonsu. Ki kira yaron nan ki zuba masa tuwo, ki ce Goggo ta ce ba laifinsa ba ne. Tafiya sannu-sannu ba ta cutar da goɗiya mai ciki, hasali ma tana yi mata amfani. Abin da ake hanawa shi ne sukuwa da kaya mai nauyi a watannin ƙarshe.

Abin da ya sami 'yar dukushinki sakin jijiyoyin bayan ƙafa ne, kuma yana cikin masu sauƙi. Tsokar da ke jan jijiyar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Da yawa sukan tashi cikin kwana kaɗan, wasu mako biyu ko uku. Ki lura da bambancinsa da na mai wasiƙar farko: shi hutu ne maganinsa, ke kuwa naki motsi ne. A fito da su sau biyu ko uku a yini, da safe da yamma, su taka a ƙasa mai tauri marar duwatsu na minti goma zuwa sha biyar, a mayar da su kafin ta gaji. In kin ga ƙafafun suna rawa, ta gaji ke nan.

Kada ki yarda da naɗin tsumma. Duk abin da ya ɗauke wa tsoka aiki yana ƙara mata lalaci, sai ƙafar ta ƙara saki. Abin da za ki tsare shi ne dunduniyar, don tana gogar ƙasa tana iya yin ciwo. Ki duba ta safe da yamma, ki wanke, ki shimfiɗa musu yashi mai laushi a makwanci. In ta fara salewa, ɗan ƙyalle mai tsabta sako-sako a kan dunduniyar kaɗai ya isa. Idan mako guda ya wuce bakin kofaton bai sauka ba, ki je ofishin ma'aikatar kiwo. Akan manna ɗan siririn katako a ƙarƙashin kofato ya zarce ta baya kaɗan, ya hana ta komawa kan dunduniya.

Maganar dusa kuwa, ba zan ɓoye miki ba, tana buƙatar gyara. Ƙashi da sinadarai biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaras, kuma doki yana son na farkon ya rinjayi na biyun. A dusar alkama fosfaras ya ninka kalsiyam kusan sau goma, gero da dawa da dusarsu ma can suka karkata. Dokin da aka daɗe ana ciyar da shi dusa zalla, jikinsa yakan riƙa kwasar kalsiyam daga ƙashinsa, har ƙasusuwan fuska su kumbura ya riƙa ɗingishi. Harawar wake da ta gyaɗa su ne masu kalsiyam. Kanwa ba ta maye gurbinsu, aikinta daban. Kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan tayi a wata uku na ƙarshe yake faruwa, yanzu kuma uwar tana shayarwa, buƙatarta ta ƙaru. Ki rage dusa, da kuɗin ki sayi harawa ko dami ɗaya ne a raba shi kwana-kwana, ki tambayi malamin dabbobi gishirin lasa mai sinadarai. In ta sake ɗaukar ciki, ki hana ta kiwo a gyauron dawa. Yana da guba, kuma an san shi da sa goɗiya ta haifi ɗa mai sandararrun gaɓoɓi.

WASIƘA TA UKU

Hajiya, salamu alaikum. Ni dattijo ne, shekarata 30 ina kula da bargar wani gida a Zariya. Daren jiya goɗiyarmu ta haihu. Ƙafafun ɗan na gaba a naɗe suke ta baya, in ya yunƙura sai ya taka da gaban idon sawu ya kife. Har yanzu bai kai ga nono ba. Wani a kasuwa ya ce akwai allurar shanu mai ruwan ɗorawa da ke sakin jijiya, in saya in yi masa. Me kika gani?

AMSA

Malam, Allah ya ƙara girma. Kun fi ni sanin doki, don haka zan tafi kai tsaye. Ku bar maganar ƙafa tukuna, ku fara da ciki. Dukushi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, duk kariyarsa tana cikin dakashi, nonon farko mai kauri. Hanjinsa ya fi karɓar wannan kariya a awa shida zuwa sha biyu na farko, in aka yi awa 24 ƙofar ta rufe. Yanzu-yanzu a wanke hannu, a wanke hantsar, a tatso dakashin a kwano mai tsabta. Ko dai mutum biyu su tallafe shi ya kama nonon da kansa, ko a ba shi da kwalba mai kan roba yana kwance a kan ƙirjinsa, kansa a daidai. Kada a ɗaga kansa sama a ɗura masa, zai shiga huhu. A ba shi kaɗan-kaɗan kowace awa, har ya sami lita ɗaya ko fiye kafin rana ta faɗi. Akwai gidajen da ake tatse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne. Wanda ya zubar da shi ya zubar da ran ɗan.

Ƙafar kuwa, wannan ɗaurewar jijiya ce, kishiyar abin da ya sami 'yar dukushin Tasawa. Mai sauƙi, wanda ɗan yake iya tsayawa ko a kan tsinin kofato ne, yakan sake da tafiya da miƙar da ƙafar a hankali da hannu sau da yawa a yini. Naku da ba ya iya tsayawa, na likita ne, kuma yau.

Mutumin kasuwa ya ji ƙamshin gaskiya, bai ga tukunyar ba. Likitoci suna amfani da maganin da ake kira oksitetirasaikilin don sassauta irin wannan jijiya, kuma ya fi aiki a kwanakin farko. Amma sukan auna nauyin ɗan, su tsarma maganin cikin ruwan ƙari, su sa shi ta jijiyar jini sannu a hankali, bayan sun tabbata ɗan ya sha ya ƙoshi yana fitsari, domin maganin yana iya lalata ƙoda. Na shanun nan mai dogon aiki da ake sokawa a tsoka ba don doki aka yi shi ba. Kada ku saya.

A nan ne ɗauri yake da amfani, amma ɗaurin likita: auduga mai kauri tun daga kofato har sama, sannan tsagin bututun roba a kai, ana kwancewa kullum a duba fata a bar ƙafar ta sha iska, tare da maganin rage zafi. Kuna Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi yana Samaru, kusa da ku. Ku sanar da maigidan a nemi mota. Kafin nan a shimfiɗa masa ciyawa mai kauri, a riƙa juya shi, a rufe gaban idon sawun da ƙyalle mai laushi don kada ya sale.

WASIƘA TA HUƊU

Goggo, ni yaron doki ne a Katsina. Dukushinmu lafiya lau aka haife shi, ƙafafu a miƙe. Yau kwanansa 12, sai muka wayi gari gwiwarsa ta baya ta kumbura, da zafi in an taɓa, ba ya son taka ta, ƙafar kamar ta karkace. Ya fi son kwanciya. Muna zaton uwar ce ta taka shi. Mu shafa man zafi mu jira?

AMSA

Ɗana, kada ku jira ko na yini ɗaya. Duk dukushin da bai kai wata guda ba, ya wayi gari da ɗingishi da kumburarriyar gaɓa mai zafi, a ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, har sai likita ya ce ba ita ba ce. "Uwar ce ta taka shi" magana ce da ta kashe dukusai da yawa, don goɗiya ba kasafai take taka ɗanta ba. Ƙwayar cutar takan shiga ta cibiya ko ta hanji, ta bi jini ta sauka a gaɓa, musamman ga wanda bai sami isasshen dakashi ba. Cikin kwana kaɗan take cinye guringuntsi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa.

Ka duba abu uku yanzu. Taɓa cibiyar: ta kumbura, tana da danshi ko ruwa? Dubi hantsar uwar: in ta cika tam tana ɗiga, ɗan ya rage sha ke nan, domin lafiyayyen dukushi yana kama nono sau da yawa a cikin awa guda. Sannan a auna zafin jikinsa ta dubura; in ya haura 39 a ma'auni, zazzaɓi ne. Ko ba ka ga ko ɗaya ba, a kira likita. Zai ɗebi ruwan gaɓar ya duba, ya wanke ta, ya ɗora shi a kan allurai na kwanaki masu yawa. A cika su duka, kada a tsaya don an ga ya fara takawa. Man zafi ba ya isa inda cutar take, sakiya kuma ƙara mata hanya take yi.

Haihuwa ta gaba, a share wurin a zuba sabon yashi tun kafin naƙuda. Kada a yanke cibiya, a bar ta ta tsinke da kanta. A tsoma kututturen cikin ruwan aidin da aka tsarma, ko wanda likita ya bayar, sau biyu ko uku a rana har ya bushe. Kada a shafa masa toka ko kashin shanu.

KAFIN MU RABU

Masu kiwo, ku riƙe lissafin nan na ranar haihuwa: awa ɗaya ɗan ya tsaya, awa biyu ya kama nono, awa uku mabiyiya ta faɗo. Wanda ya saɓa, a nemi likita. Ku rubuta ranar da ingarma ya hau goɗiya da ranar da ta haihu, ko a bangon barga ne da gawayi, domin tambayar farko da likita zai yi ke nan. Dukushin da ke tsaye yana shan nono, a killace shi, a ɗauki hoto, a ƙirga makonni. Wanda ya kasa tsayawa, ko gaɓarsa ta yi zafi ta kumbura, ba a kwana da shi a gida ba tare da likita ya gani ba.

Dabba amana ce, ba ta da bakin da za ta faɗi inda ke mata ciwo, kuma za a tambaye mu a kanta. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ku haɗo da hoto da kwanakin ɗan. Allah ya raya abin da aka haifa, ya sa albarka a turakunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Goggo